Kunyar Suruki a Tsakiyar Tafki

Rachidou ɗan Tanout ne, kuma ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne tafkin damina, wanda raƙuma kan shanye kafin sanyi ya shigo. Shi ya sa ko shi kansa yakan yi mamakin yadda aka yi ya wayi gari a Lyon da son ruwa a zuciya, son da ya kai ga hana shi komawa barci bayan sallar asuba.

A shagon kawunsa Daouda yake aiki, a unguwar Guillotière, inda suke sayar da gero da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da atamfa a can ƙurya. Wata rana ya kai kaya Meyzieu da kamiyonet, ƙaramar motar kayan shagon, ya ɓata hanya, sai ga shi a bakin tafkin Grand Large. Ƙananan jirage ya gani masu farin ƙyalle, suna yawo ba inji, ba mai tura su sai iska. Ya daɗe a tsaye har wata dattijuwar Bafaransa mai suna Clarisse, wadda ke kula da jiragen ƙungiyar masu tuƙi ta wurin, ta tambaye shi ko wani yake jira. Ya ce a'a, kallo yake. Ta ce kallo daga tudu ɓata ido ne, ya dawo ranar Lahadi da kayan da ba ya tsoron su jiƙe.

Ita ta koya masa. Kafin shekara ta zagayo ya samu izinin ɗaukar ƙaramin jirgi shi kaɗai da sassafe, lokacin da takan zo buɗe wurin.

A watannin zafi asuba kan zo da wuri, shago kuwa sai rana ta ɗaga ake buɗewa. Abin da ke tsakani nasa ne. Yakan ja jirgin zuwa ruwa, ya ɗaga ƙyallen, ya tura da ƙafa ya faɗa ciki. Da farko ƙyallen sai ya yi ta kaɗawa kamar zanen da aka shanya. Sai ya ja igiya kaɗan, ƙyallen ya cika, ya yi shiru, jirgin ya ɗan karkata ya kama tafiya. Wannan shirun ne ya sace shi. Ba a jin komai sai ruwa yana tsagewa a ƙarƙashin katako, da wani zalɓe can cikin kacala yana gyara tsayuwa. Tururi kan kwanta a kan tafkin, rana ta ɓullo ta bayan itatuwa ta mayar da shi ja, ya ji ƙirjinsa ya buɗe kamar an zare masa wani ƙulli da bai san yana ɗauke da shi ba. A cikin shago shi yaron Daouda ne, ɗauko wannan, kai wancan. A nan kuwa ba mai kiransa. Wani lokaci yakan sami kansa yana hawaye ba tare da wani abu ya same shi ba, ya bar iska ta busar masa.

Bai taɓa gaya wa kowa a unguwar ba. Ba don zunubi ba ne, dariya yake gudu. Ya san abin da za a ce a bakin masallaci: ɗan Tanout, wanda aka yi wa wankan haihuwa da rabin ƙwarya, ya zo Turai ya koma agwagwa.

Mutum ɗaya ce ta sani, Rékia, wadda yake nema da aure. A Sevran take, a bayan Paris, tana karatun aikin jinya. Yakan aika mata hoton fitowar rana daga cikin jirgi, ita kuma ta amsa masa daga cikin jirgin ƙasa mai cunkoso cewa wasu na shan iska, wasu na shan hammatar mutane. An kai gaisuwa gidansu, an karɓa. Abin da ya rage shi ne mahaifinta, Alhaji Soumaïla, ya sa rana. Shi kuwa ya yi shiru, wata ya bi wata.

Rékia ce ta gano dalilin, ta kira shi muryarta a ƙasa.

"Magana ta iso nan daga Lyon. Wai da an sallame asuba sai ka ɓace, ka dawo wando a jiƙe. Wai kuma wata nasara Clarisse tana kiranka."

"Clarisse ta haifi uwata, Rékia."

"Ni na sani. Baba ne bai sani ba. Franchement, da ka bar ni na gaya mishi tun farko."

"Zai ce yarinta ce ke damuna."

"To gobe yana nan tahe, sai ka zaɓi wadda ta fi maka, yarinta ko neman mata."

Da a gida ne, ƙane ko aboki Alhaji zai aika ya yi binciken, don suruki ba ya bin sawun suruki da ƙafarsa. Amma mutumin da ya tsufa yana harkar kayan gwari a kasuwar Rungis, ƴan'uwansa duk suna Maraɗi, ya saba yi wa kansa abin da ba a yi. Ya sauka gidan Daouda, ya ce harkar kaya ta kawo shi.

Washegari da aka idar da asuba, Rachidou ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, idonsa a kan takalman mutane. Ya yi niyyar yau ba inda za shi. Sai Alhaji ya gyara babbar rigarsa ta shadda mai ruwan toka, ya nufi kamiyonet ɗin, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Inda kake zuwa kullum, can za mu," in ji shi.

Tun da Rachidou yake bai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da mutumin nan ba. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Ya yi tuƙi yana manne da ƙofa, duk lokacin da zai canza giya sai ya ji kamar hannunsa ya shiga hurumin da ba nasa ba. Alhaji na ta jan casbi har suka fita gari.

Clarisse na bakin ruwa da kofin kafe, furfurarta a tsaye, takalmin roba har gwiwa. Alhaji ya dube ta, ya dubi jiragen da ke jere, ya dubi Rachidou. Zargin da ya zo da shi ya sauka daga fuskarsa. Ya gaishe ta da Faransanci mai kyau, irin na wanda ya daɗe yana ciniki da shi, har ta yi dariya.

Da a nan abin ya tsaya, da Rachidou ya koma shago yana rawa a zuci. Amma Alhaji ya taka har kan dandamalin katako, ya leƙa cikin jirgin.

"Wannan ɗan akushin shi ke hana ka zama a yi azkar da mutane?"

"Shi ne, Baba."

"Mi ke cikinshi?"

Rachidou ya dubi jirgin. Ya ce iska ce kawai.

"To a sa ni in ji iskar. Wanda zan ba ɗiyata, gara in san abin da ya fi so kafin ita."

Clarisse ta ce sai ya sa rigar kariya mai hana nutsewa, ta kuma ba shi shawara ya cire babbar rigar. Ya karɓi ta kariyar, ya ɗaura a kan shaddarsa, ya danna hularsa. Kafin su tashi ta ce wa Rachidou ya yi wa baƙonsa bayanin juyi.

Bayanin ba shi da wuya. A ƙasan ƙyallen akwai wata sandar ƙarfe a kwance, daidai kan mutumin da ke zaune. In za a juya jirgi, sandar kan tsallako daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin iska. Don haka matuƙi kan ɗaga murya ya ba da umarni, abokin tafiya ya sunkuya, ya rarrafa ya koma ɗaya gefen. Clarisse ta sha gaya masa cewa a cikin jirgi ba a roƙo, faɗa ake yi a taƙaice, ko da shugaban ƙasa aka ɗauko. Rachidou ya buɗe baki zai ce, "In na ce ka sunkuya sai ka sunkuya," ya ji maganar ta maƙale. Wane shi ya ce wa uban Rékia ya sunkuya? Sai ya ce, yana kallon ruwa, wai wani lokaci sandar nan takan ɗan motsa. Alhaji ya ce to, Allah shi kiyaye.

Suka tashi. Jirgin ƙarami ne ƙwarai, gwiwarsu na gugar juna, Rachidou ya yi ta janye tasa har ƙafarsa ta yi tsami. Amma iskar safiyar nan mai kirki ce, ta zo ta gefe a hankali, ƙyallen ya cika, shirun nan ya sauka. Da wutsiyar ido ya ga Alhaji ya saki gefen jirgin da ya ƙanƙame. Can ya ga ya sa yatsunsa a ruwa yana kallon layin da suke ja. Rana ta fito ta haska masa gemu.

"Tabarakallah," in ji Alhaji a hankali. "Shekara da shekaru ina ganin fitowar rana ta bayan manyan kamiyon kaya. Ashe haka take."

Daɗi ya cika Rachidou. Ya so a ce Rékia na gani. Ya so tafkin nan ya miƙe har teku, su yi ta tafiya a kan layi ɗaya.

Don matsalar ke nan: tafki yana da ƙarshe. Tun suna tsakiya ya san nan ne wurin juyi. Ya ce a ransa bari Baba ya gama jin daɗi. Suka ƙara gaba, ya ce bari ya gama tasbihin da ya fara. Yana ta jera maganar a zuci yana rushewa, yana neman yadda za a ce wa suruki ya duƙa ya yi rarrafe ba tare da an ce masa ba. Kacalar ɗaya gaɓar ta matso har ana ganin tsuntsayen da ke ciki. Kusa da gaɓa kuma iska ba ta da alƙibla, itatuwa kan murɗa ta. Ya ji ta taɓa masa ƙeya ta ɓangaren da ba ta nan take ba, ya ga bakin ƙyallen ya fara rawa. Ya san abin da ke zuwa sarai. Kalma ɗaya ta isa.

"Baba," ya ce, "Allah shi ƙara maka lahiya, in ba zai zama rashin ladabi ba, da za ka ɗan taimaka..."

Alhaji ya miƙe wuya, ya juyo gaba ɗaya don ya ji da kyau.

"Na'am?"

Sandar ta same shi a goshi. Hula ta yi sama. Ya faɗo jikin Rachidou, nauyinsu ya taru a gefe ɗaya, iska ta cika ƙyallen ta wancan, jirgin ya kwanta a hankali kamar saniyar da ta gaji, ya juye su.

Ruwan da sanyi kamar ƙanƙara. Da Rachidou ya ɗago bai ga Alhaji ba, sai wata ƙatuwar kumburarriyar shadda tana juyi a kan ruwa, hannuwa biyu na dukan iska daga ƙarƙashinta. Rigar kariya ta riƙe shi a sama, amma babbar rigar ta kifu a kansa ta manne masa a fuska. Rachidou ya yi iyo ya yaye ta. Alhaji ya fito ido a waje, ya cafke masa wuya da hannu biyu, ya danna shi ƙasa yana neman hawa kansa. Rachidou ya sha ruwa, ya ɗago, ya sake nutsewa. Da ya fito na biyu sai ya ji wata murya da bai san tasa ba ce.

"Soumaïla! Sake ni. Kama nan, na ce kama nan."

Ya doke hannun da ke wuyansa, duka na gaske, ya fizgo shi ya ɗora a kan gefen jirgin. Alhaji ya kama. Suka tsaya a haka suna haki, fuska da fuska, ruwa na zuba daga gemun dattijon, goshinsa ya fara tashi. A karo na farko Rachidou ya kalli cikin idon surukinsa, kuma da zai iya da ya saki jirgin ya bi hular da ke nutsewa.

Clarisse ta iso da jirgi mai inji. Ba ta san wani abu wai shi suruki ba. Ta kama Alhaji ta ƙugun wando ta jawo shi ciki kamar buhun albasa, ta duba goshinsa, ta haska idonsa, ta tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki. Sannan ta juyo kan Rachidou.

"Ina kallonka tun daga can. Ka wuce wurin juyi, ka ga iska ta canza, me ya hana ka yi magana? Harshenka ya faɗa ruwa ne?"

Da Faransanci ta faɗa, kuma ba kalmar da ta wuce Alhaji.

A ɗakin canza kaya ba a sami abin da zai shige shi ba sai wani wandon motsa jiki ruwan lemo da wani ya manta, wanda ya tsaya masa a ƙwauri, da riga mai hoton kifi. Rachidou ya matse shaddar ya sa a leda. Suka shiga kamiyonet. Sun yi nisa kafin Alhaji ya yi magana, yana danne da ƙanƙara a goshi.

"Ka ga sandar na zuwa?"

"Na gani, Baba."

"Sai ka tsaya gaishe ni."

Rachidou ya rage gudu. Hanyar ta yi masa dishi-dishi.

"Kada ka kai ni gidan Daouda a haka. Ka shiga ka ɗauko mini jakata, ka ce kira na samu daga Rungis."

Haka aka yi. A bayan kamiyonet, tsakanin buhunan gero, Alhaji Soumaïla ya canza kaya, Rachidou na tsaye a waje ya ba motar baya yana gadi. A tasha dattijon ya karɓi jakarsa da ledar jiƙaƙƙun kaya, ya ce a gaida Daouda, ya shige. Bai ambaci aure ba, bai ambaci Rékia ba.

Kwanakin da suka biyo Rachidou bai je tafki ba. Bayan asuba yakan zauna a masallaci har a watse, mutane suna cewa zuwan suruki ya yi amfani. A shago ya auna wa wata mata kuka a maimakon kuɓewa. Yana cikin ɗaure kaya sai muryar nan ta dawo masa, sunan dattijon tsirara a bakinsa, sai ya runtse ido ya yi ƙaramin nishi har Daouda ya tambaye shi ko haƙori ne. Ya tabbata ya rasa Rékia, kuma ya rasa ta ta hanyar da ba zai iya ba kowa labari a tausaya masa ba.

Sai ga kiranta.

"Mi kuka yi wa Baba a Lyon? Ya dawo ba hula, da ƙulu a goshi kamar ƙwan zabo, ga mura. Ya ce ƙofar jirgin ƙasa ce ta buge shi."

"Yaya jikin nashi?"

"Da sauƙi. Ya ce ka zo ranar Lahadi. Rachidou, ça va? Muryarka kamar ta wanda aka yi wa rasuwa."

Ya ce lafiya lau.

Ranar Lahadi ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya sake wani zuwa Sevran. Gidan na can saman wani dogon bene a unguwar Beaudottes. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin kafet. Alhaji na kan kujera da sabuwar hula da aka tura baya saboda kumburin, wanda ya koma shuɗi-shuɗi. Kusa da shi akwai Malam Moctar, maƙwabcinsa kuma abokin wasansa, Ba'adare mai bakin tsiya. Hajiya Batula, mahaifiyar Rékia, tana kicin a bayan labule, inda za ta ji komai ba tare da ta haɗa ido da suruki ba.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Daouda da kasuwa da gajiyar hanya. Malam Moctar ne ya ɓata zaman.

"Yawwa, ga ɗan Lyon. Kai yaro, ku can ƙofofin jirginku da ƙaho gare su? Mu nan da kansu suke buɗewa su ba mutum hanya. Wannan Bamaraɗen ya je garinku kwana guda, ƙofa ta tunkuye shi."

"Moctar, sha shayinka," in ji Alhaji.

Daga bayan labule muryar Hajiya ta fito, ba da kowa take ba, da labulen take.

"A tambayi wanda ya raka shi tasha. Mutum ya bar gida da hularshi da lahiyarshi. In faɗa aka yi da wasu a hanya, a gaya mini, ni ba yarinya ba ce."

Rachidou ya auna maganar a ransa. In ya ce ƙofa ce, ya yi ƙarya a gaban mutumin da ya zo Lyon don ya san ko shi mai gaskiya ne. In ya faɗi yadda aka yi, kafin la'asar duk Rungis ta ji cewa wata tsohuwar nasara ta ciro Alhaji Soumaïla daga ruwa ta ƙugun wando, kuma Malam Moctar ba zai bar maganar ba har kabari. Ya saci kallon Alhaji. Dattijon na juya cokali a kofi, bai taimake shi da ko ƙifta ido ba.

"Ba faɗa aka yi ba, Inna," ya ce. "Laifina ne. Ina kusa da Baba, na ga abin na zuwa tun daga nesa. Kalma guda zan faɗa ya kauce. Kunya ta hana ni, na tsaya neman yadda zan faɗa da ladabi har ya same shi."

Malam Moctar ya ajiye kofinsa don kada ya zube.

"Tsaya in gane. Kana ganin ƙofa za ta fasa wa mutum kai, kai kuma kana ranka shi daɗe?"

"Haka aka yi, Malam."

Dariyar ta kama shi har da tari, yana dukan cinya, yana cewa gobe in gobara ta tashi kada a aiki wannan, sai ya gama tambayar iyali kafin ya ce wuta. A bayan labule aka ji Hajiya ta ce, "Allah shi kyauta," da muryar da ke tsakanin haushi da wani abu daban. Rachidou ya sunkuyar da kai har yana ganin zaren kafet ɗaya-ɗaya. Ya san daga yau sunansa Ranka-shi-daɗe ke nan a Sevran.

Alhaji ya bari dariyar ta lafa, ya kurɓi shayi.

"Moctar, tunda kana nan, ka zama shaida. A gaya wa Daouda ya turo manyanshi. Bayan babbar Sallah in Allah ya kai mu."

"Za ka ba wannan ɗiyarka?"

"Na ba shi. Ƙofa ce ba ta da kunya, shi yana da ita har ta yi yawa. Wadda ta yi yawa ana ragewa."

Da Rachidou ya tashi tafiya, Alhaji ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya taka masa har bakin lif. Ya waiwaya ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Sunan da aka kira a cikin ruwa, ban ji ba. Ruwa ya shiga mini kunne."

"Na gode, Baba. Allah shi huci zuciyarka."

"Hannun da aka doka kuwa, shi na ji." Ya ɗaga shi ya nuna, ya juya ya koma ciki.

Lif ɗin bai zo ba, Rachidou ya bi matakala. A hawan da ke ƙarƙashin nasu ya tarar da Rékia a tsaye da kwandon shara a hannu, wanda da gani hujja ce kawai. Ta dube shi sama da ƙasa.

"An sa rana, na ji. Kai kuma ka fito kamar wanda aka kora."

"Rékia, ni dai..."

"Ni na wanke shaddar Baba," ta ce. "Na sami ganyen ruwa a aljihu, har da ɗan katantanwa. Ban san jirgin ƙasa na bi ta cikin tafki ba."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ji kunnuwansa na zafi kamar an kara su a wuta.

"Kada ka gaya mini yanzu," ta ce, tana danne dariya da gefen mayafi. "Baba na sama, zai ji ni. Ka riƙe labarin sai an ɗaura, ka ba ni shi tun daga farko, ina zaune a ɗakina na rufe ƙofa."

Ta miƙa masa kwandon sharar, ta ce tunda ƙasa za shi ya sauka da shi, ta haye sama da gudu.